Awa Biyu Daga Tamale Zuwa Gombe

Bagadaza, Gombe
6 ga Mayu

Zuwa ga taubashiyata Safiyyatu 'yar Kawu Sallau, wadda Gana ta cinye.

Salamu alaikum. Gaisuwa buhu guda, in kin juye ki dawo min da buhuna. Ina fata kina lafiya, da maigida Malam Zaharadeen, da 'yarmu Najeeba da abinda take ɗauke dashi, Allah ya raba lafiya. Mu nan lafiya lau sai zafi. Ni kuwa kullum ƙara kyau nake, jiya wata fasinja da na kai filin jirgin Lawanti ta tambayeni ko nine mai filin.

Kar kiyi mamakin ganin rubutuna. Kinsan Kawu shi ke rubuta miki takarda duk wata a ɗau hotonta a tura miki, tunda kunnensa baya jin magana a waya. To yanzu hannun ma rawa yake, biro baya zama. Yace in karɓa. Nace Kawu ka zaɓi gwani. Yace ba gwani ya zaɓa ba, wanda ya samu ne. Rubutun sai haƙuri, makaranta ce ta gaji dani tun aji huɗu, bani na gaji da ita ba.

Maganar jikinsa. In kin kira Inna Lami zata ce miki da sauƙi, kinsan mahaifiyarki, ko gida na ci da wuta da sauƙi ne. Ni zan faɗa miki yadda yake. Ƙafafunsa sun kumbura, kunu ma sai da lallashi. Ranar Alhamis na kaishi asibiti a motata, likita yace zuciya ce ta gaji, ya bada magani yace a kula dashi a gida. Kullum da la'asar ina zuwa gidanku a unguwar Dawaki in zauna dashi. Bakin dai yana nan, jiya yace tumbina ya rigani shiga zaure da minti biyu.

Ya tambayeki. Baice kizo ba, kinsan halinsa. Cewa yayi shekara nawa rabon Safiya da gida, nace shida, yace bakwai in anyi babbar Sallah.

Naki, wanda kike kira bawa amma bai yarda ba,
Aƙilu direba, sarkin hanyar Lawanti

Tamale
8 ga Mayu

Zuwa ga Aƙilu ɗan Goggo, bawan gidanmu.

Wa alaikumus salam. Buhun gaisuwa ya iso, rabinsa ƙaiƙayi ne kamar yadda na zata. Muna lafiya, Malam yana gaishe ka. Ko ka yarda ko kada ka yarda, kai ɗan mace ne, ni 'yar namiji, bawana ne kai har gobe.

Na karanta takardarka sau uku a tsaye. Na kira Inna, ta ce da sauƙi. Na gode da ka gaya min gaskiya.

Ga halin da nake ciki. Najeeba ta dawo gida goyon ciki, na fari ne, a asibiti sun ce ƙarshen watan nan. Jininta yana hawa, an ce kada a bar ta ita kaɗai. Uwar mijinta ta rasu, ni ce kawai. In na biyo mota kwana huɗu ne zuwa, huɗu dawowa, haka na yi wancan karon, ban da kwanakin da zan zauna. In na taho yanzu hankalina yana nan, in na zauna yana Dawaki.

Kai ne kullum a filin jirgi, ni ko sau ɗaya ban taɓa hawa ba. Mu ma muna da ɗan filinmu a nan. Yaya tafiyar take daga nan zuwa Gombe, awa nawa ne? In abu ne na kusa, sai in jira ta sauka, kai ka zama idona a wurin Baba, da ka ga canji ka sanar da ni in taso. In kuwa da nisa, gobe zan nemi mota, in bar ta hannun Allah da maƙwabta.

Don Allah wannan karon ka ajiye wasa. Abin da ka ce shi zan yi.

Uwargijiyarka,
Safiyyatu

Bagadaza
9 ga Mayu

Safiya uwar tsoro,

Salamu alaikum, ya gida, ya mai ciki. Kawu yau da dama dama, ya sha kunun gyaɗa rabin kofi har ya zagi rediyo.

Kin kawo tambaya inda ya dace. Shekara tara ina kai fasinja filin jirgin Lawanti. Jirgi in yana sama da kukansa kawai nake gane daga ina yake. Matuƙan har hannu suke ɗaga min. Na hau har na gaji, ni yanzu in ba kujerar taga bace bana zama.

Na duba miki a waya. Na rubuta Tamale na rubuta Gombe, sai ga layi a miƙe kamar an ja zare. Kilomita dubu ɗaya da ɗari uku da 'yan kai. Tafiyar jirgi awa biyu. Awa biyu Safiya! Ni na taɓa yin fin haka a layin mai a Pantami. Kuma ki duba, jirgin alhazai daga nan Lawanti yake tashi, baya tsayawa ko ina sai Saudiyya, har teku yake tsallakewa. Balle Tamale da ke nan bayan katanga.

Saboda haka zauna ki riƙe yarinya. Kawu yana hannuna. Da naga abinda ban gane ba zan rubuto, ki yafa gyale ki fito, kafin Inna ta kwashe tuwo kina tsakar gida kina min rashin kunya.

Na faɗa wa Kawu a kunnensa mai ji. Yayi dariya har da tari, yace lokacin bikinki kwana biyar yayi a bayan motar goro kafin yaga Tamale. Nace Kawu wancan zamanin jaki ne. Yace to Allah yasa. Yanzu in yaji ƙarar jirgi sai ya kalleni ya ɗaga yatsa biyu.

Ki tanadi tukwici.
Kyaftin Aƙilu

Dawaki
Litinin 20 ga Mayu, da azahar

Safiya,

Salam. Taso. Jikin ya canza, tun Asabar baici komai ba, numfashi sama sama. Nace masa yau zaki shigo. Yasa Inna ta ɗauko rigar saƙin nan mai ratsin baƙi da fari da kika aiko masa, an saka masa, an fito dashi gindin darbejiya yana jira. In kin fito yanzu kafin magariba kina nan. Na wanke mota.

Aƙilu

Tamale
Litinin da la'asar

Babu jirgi yau. Sai gobe ƙarfe bakwai na safe. Ka ce wa Baba ina hanya.

Talata da safe

Na shiga jirgi.

Bagadaza
10 ga Yuni

Safiyyatu,

Salamu alaikum. Ya ƙarin haƙuri. Allah ya jiƙan Kawu, ya sa can ya fi masa nan. Ya mai jego da jariri. Inna tana lafiya, tana takaba, bata cika magana ba.

Wannan ce takarda ta biyar, huɗu na yaga. Kinyi kwana biyar a Gombe baki ga fuskata ba. Ba zazzaɓi nake ba kamar yadda aka ce miki. Ɓuya nayi. Direban da ya ɗauko ki daga Lawanti ranar Alhamis ni na tura shi, ina tsaye bayan wata bas ina kallo kika fito da jakarki. Ban fito ba har kuka tafi.

Zan faɗa miki komai, ki karanta ko ki goge.

Ban taɓa hawa jirgi ba. Ko sau ɗaya. Shekara tara ina sauke mutane a bakin ƙofar gilashin nan, ban taɓa wuce ta ba. Matuƙin jirgi bai taɓa ɗaga min hannu ba, mai gadi ne. Akwai wani Dennis mai sayar da tikiti, kullum da safe tare muke cin ƙosai a kan bonet ɗin motata. Ranar da takardarki tazo yana gefena. Tambaya ɗaya zan masa. Banyi ba, don shekara tara ina masa labarin tafiye tafiyena, ta yaya zan buɗe baki in tambayeshi hanya. Sai na tambayi waya, ita bata dariya. Ita kuma ta faɗa min tafiyar tsuntsu.

Na biyu. Tun ranar Asabar naga jikin ya canza. Ya kamata in rubuto a ranar. Nace a raina me zai sa in tada hankalinta tana jinyar mai ciki, awa biyu ne, bari muga Lahadi. Lahadi nace bari muga Litinin. Kwana biyun nan ni na cinye miki su.

Ranar Litinin Kawu ya zauna gindin darbejiya da rigar nan tun azahar har aka kira magariba. Sau uku Inna tace a maida shi ɗaki, yace a'a, kar Safiya ta shigo ta sameshi a kwance kamar mara lafiya. Daga ƙarshe nace masa sai gobe. Ya ƙi yarda a cire rigar.

Talata ƙarfe tara da 'yan mintuna ya cika. Ina riƙe da ƙafarsa, saƙonki na "na shiga jirgi" yana aljihuna. Akayi wanka aka shirya shi, Liman Bamanga yace sha ɗaya za a sallace shi. Na tsaya a zaure gaban dattawan unguwa nace a dakata, 'yarsa tana sama, yanzu zata sauka ta ga fuskarsa tayi masa addu'a kafin a fita dashi. Liman yace Aƙilu ba a ajiye mamaci. Na rantse masa. Wallahi na rantse. Yace to zuwa azahar, ba ƙari. Tsofaffi suka zauna cikin ranar nan saboda maganata.

Na tuƙa zuwa Lawanti kamar mahaukaci. Na tsaya a filin ajiye motoci ina kallon yamma. Aka kirani daga gida sau shida na ƙi ɗauka, a zatona cewa zasuyi sun gaji da jira. Ashe Malam Zaharadeen ne ya sanar dasu kina Akra, jirgin da kika shiga can ya kaiki, kina jiran na Legas.

Dennis ne ya fito yace Oga Aƙilu wa kake jira, yau babu sauran jirgi. Nace na Tamale. Baiyi dariya ba, na so ace yayi. Ya ɗau biro ya rubuta min a bayan wata takarda. Tamale zuwa Akra. Akra zuwa Legas. Legas zuwa Abuja. Abuja zuwa Gombe, in an dace da rana da kujera. Jirgi huɗu. Yace da ka tambayeni da nace ta taso tun sati biyu da suka wuce.

Kafin in dawo gari an kaishi. Ni da na sa aka jira, ni ban samu jana'izar ba. A hanya na gamu da mutane suna dawowa daga maƙabarta da ƙasa a ƙafa.

Sai kuma ranar Asabar naji Najeeba ta haihu kina zaune kan tabarmar makoki a Dawaki. Kin tambayeni ne don kar ki rasa ɗaya. Na sa kin rasa biyu.

Ban iya rubuta neman gafara mai kyau ba, ban taɓa gwadawa ba. Ki yafe min in zaki iya. Takardar Dennis tana aljihuna har yau.

Aƙilu

Bagadaza
24 ga Yuni

Safiyyatu,

Salam, barka da Sallah ko da ta wuce. Naga alamar kin buɗe takardar tun ranar. Ba gaggawa nake miki ba. Na kai wa Inna cinyar ragona, ta karɓa, tace in zauna in ci tuwo, na kasa. Ko zagi ne ki turo, zan gane kina lafiya.

Aƙilu

Tamale
1 ga Yuli

Hamma Aƙilu, yayana,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Najeeba ta warware, jinin ya sauka. Maƙwabciyata ce ta kai ta asibiti, ita ta riƙe mata hannu. Namiji ne, an sa masa sunan Baba na yanka, Muhammadu, muna ce masa Abba.

Ban amsa ba don duk abin da na fara rubutawa ba na aikawa ba ne. Na yi fushi da kai fushin da ban taɓa yi da kowa ba. A Legas na zauna kan benci yini guda, an riga an gaya min an binne shi, ina kallon allon jirage ina neman sunan Gombe, ina tsine wa awa biyunka. Maganar rigar nan da gindin darbejiya Inna ba ta gaya min ba. Da ka bar ni ban sani ba. Amma gara da ka faɗa.

Yanzu ga nawa, tunda ka zube naka.

Ranar da takardarka ta awa biyu ta zo, Malam ya karanta ya ce bai taɓa jin jirgin Gombe a nan ba, mu je filin jirgi mu tambaya, bai fi tafiyar rabin awa ba daga gida. Na ce bar shi, Aƙilu ya sani. Hamma, ni fa na san ka. Kai ne ka ce mana ka ƙetare dam ɗin Dadin Kowa da iyo, a ranar da ka kusa nutsewa a kududdufin bayan makaranta. Tun muna yara ban taɓa sayen maganarka ba sai na cire rabi. Wannan karon na ɗauka duka, don amsar da nake so ke nan. Ina tsoron barin yarinyar, ina neman wanda zai ce min zauna, ka ce.

Kuma tun ranar Litinin da la'asar na san jirgi huɗu ne. A gaban mai tikiti na sani. Haushi ya hana ni rubuta maka fiye da layi ɗaya. Da na ƙara layi ɗaya, da ba ka tsayar da tsofaffi a rana ba, da ka sallaci Kawunka. Wannan ni na cinye maka.

Ban ce na gama yafewa ba, kada in yi maka ƙarya ni ma. Amma ga abin da nake so. Inna ta wanke rigar ta ninke ta ce in taho da ita, na kasa taɓawa. Yanzu ina son ta, a ajiye wa Abba. Kai za ka kawo ta. Ba aike ba, ba jirgi ba. Ka biyo mota kamar yadda Baba ya biyo lokacin bikina. Ka riƙe biro da takarda, ka rubuta kowace awa tun daga tashar Gombe har ƙofar gidana, ba ƙari ba ragi. In ka iso ka karanta min da bakinka.

Bawa ba ya ƙin aike.

Safiyyatu

Yandi, ƙasar Gana
Asabar 13 ga Yuli, da hantsi

Safiya,

Salamu alaikum. Ina lafiya, sai dai bayana ya rabu dani tun a ƙasar Benin, yace zai biyo wata motar. Inna tana gaisheki, ta bada daddawa da kuka, duk motar da na shiga sai an tambayi waye ya mutu a ciki. Rigar tana cikin leda biyu a ƙirjina, ko ruwan da ya dakemu a Togo bai taɓa ta ba.

Na bar Gombe Talata ƙarfe bakwai na safe. Mota takwas, babur biyu, iyaka uku. Taya ta fashe sau biyu. A wani gari na tambayi hanya da Hausa aka amsa min da Faransanci, na gyaɗa kai kamar na gane, sai na tuna abinda ya kawoni, na koma nace ban gane ba a sake faɗa min. Wata tsohuwa mai sayar da doya ta kama hannuna ta kaini tasha.

Na rubuta komai kamar yadda kikace, takardar ta cika gaba da baya. Zuwa yanzu awa casa'in da tara. Jiya a bayan wata motar kaya na tuna Kawu da yatsunsa biyu, ya san hanyar nan da ƙashin bayansa, ya barni ina surutu. Nayi kuka, nace wa na kusa dani barkono ne.

Yanzu ina tashar Yandi, saura mutum uku mota ta cika. Na tambayi direba daga nan zuwa Tamale awa nawa. Yace awa biyu. Na tambayi mai shayi, na tambayi wani ɗan sanda, duk awa biyu suka ce.

Amma kar ki ɗora tukunya a kan maganata. Sai kin ganni a ƙofa.

Bawanki,
Aƙilu